CIKI ƊAYA

Shafi na 19

Masu turo min saƙo wai Zaleha ta cika zaƙewa, wai ta ja mijinta kiiii zuwa garin da ba su san kowa ba don kawai ta ga gida mai arha, na ga maganganunku, shiru kawai na yi muku. Ku karanta wannan shafin tukuna, sannan mu ga mai bakin magana.

*

Kafin azahar aka gama rantsuwar.

Zaleha ta dafa Alƙur'ani, Mak Cik Sepiah mai gidan ta dafa, Pak Derus ya ɗaga murya yadda har na tsakar gida za su ji, ya ce daga yau Zaleha 'yar cikinsu ce, wato 'yar zuriyarsu ta wajen uwa. Inda suka yi kuka nan za ta yi, inda ake binne matansu nan za a binne ta. Shi ne babban ciki, kawun da ko taku ɗaya na ƙasar gado ba ya canza hannu sai ya gyaɗa kai.

Gaskiya ɗaya ce, ba son zumunci ne ya kawo ta ba, gida ne. Tsohon gidan katakon nan da ke bayan kasuwar Kuala Pilah a ƙasar gado yake, ita kuwa ƙasar gado ba ta shiga hannun namiji, ba ta shiga hannun bare, daga uwa sai 'ya. Abin da ya karya masa farashi ke nan. Sepiah ba ta haihu ba, sauran matan cikin duk sun watse birni, ba mai son ɗaukar wahalar gara da yoyon rufi. Shi ne aka ce in Zaleha ta yarda a shigar da ita ciki, a bar mata.

Ina ita ina ƙin yarda? Tun da ƙodar mijinta Razali ta tsaya ya ajiye tuƙin tasi, ba ta sake barcin kirki ba. Kuɗin haya a Kuala Lumpur na cin su ɗanye, ga lif ɗin benensu kullum a lalace, ita ke tallafo shi matakala bayan matakala duk ranar wankin ƙoda. Yau ga motar kayansu tsaye a gindin bishiyar rambutan, ko igiya ba a kwance ba. A karon farko cikin shekara guda ta ji numfashinta yana sauka har ƙasan ƙirji.

Mata na ta zuba shinkafa da miyar kwakwa mai barkono, ƙamshin naman akuya ya cika gidan. Maza na baranda. Razali na can ƙarshen tabarma, ya danna hula har gira, kansa a ƙasa. Yau ne ya fara taka gidan. Duk zirga-zirgar da aka yi ita kaɗai ta yi, kullum shi ba ya jin daɗin jikinsa.

Sepiah ta fito da kwanon miya za ta sauka ta kai wa direban motar. Matakalar ta jiƙe da ruwan wanke ƙafa. Tsohuwa ta taka, santsi ya kwashe ta.

Ba wanda ya san ta inda Razali ya zabura. Mutumin da sai an kama shi yake miƙewa, sai ga shi ya cafe ta a hannu, kwanon na gangarawa ƙasa.

"Mak Cu! Yi a hankali mana!"

Duk barandar ta juyo tana kallonsa.

Ai kowace tsohuwa a hanya Mak Cik ce, ko mai sayar da kifi haka za ka kira ta. Amma Mak Cu, wannan sai autar ƙannen mahaifiyarka.

Zaleha ta leƙo tana dariyar yaƙe.

"Ku yi masa haƙuri, harshensa ne. Tun da ya fara wankin nan magana ke sarƙe masa."

Sepiah ko kallonta ba ta yi ba. Hannunta na riƙe da gaban rigarsa, idonta a fuskarsa.

"Me ka kira ni?"

"Mak Cik na ce."

"Ƙarya kake. Kunnena bai mutu ba, ƙafata ce ta mutu. Cire hular nan."

"Haba, Mak Cik..."

"Na ce ka cire!"

Ya cire. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa.

"Mu biyu uwarmu ta haifa," ta ce. "Yayata kuma ɗa ɗaya ta haifa. Mutum ɗaya ne a duniyar nan yake da bakin da zai kira ni da wannan sunan." Muryarta ta yi ƙasa. "Jali?"

Razali ya sunkuyar da kai. Da ma ya yi musu da ya fi, shirun nan shi ya gama tona shi.

Pak Derus ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu a hankali.

"Jama'a, ku ci abincinku. Sepiah, Zaleha, da kai, ku shigo ciki. A ja ƙofar."

Ina wani cin abinci? Kafin a ja ƙofar har an fara ƙus-ƙus a madafa.

*

Ɗakin tsakiya duhu-duhu, sai hasken da ke shigowa ta sassaƙen saman taga. Razali ya zauna ya jingina da ginshiƙi yana haki. Zaleha na tsaye, ta kasa zama.

"Abang, wane ne Jali?" Abang ɗin nan, haka matan can ke kiran miji, haka kuma suke kiran yaya.

Bai ɗago ba.

Pak Derus ya ce, "Da safen nan, a gaban mutane, kafin a ɗauko Alƙur'ani na tambaye ka. Na ce kai ɗan wane ciki ne? Me ka ce min?"

"Na ce ba ni da ciki."

"Ka ce uwarka 'yar Klang ce."

"A Klang aka binne ta."

"Kai, kada ka yi min wasa da hankali! Ni sa'anka ne? Sunan uwarka?"

"Halijah."

Sepiah ta dafe ƙirji ta zube a kan tabarma.

"Halijah wa?" in ji Zaleha. "Abang, ba ka ce min mahaifiyarka marainiya ba ce, ba ta da kowa?"

"Ai ba ta da kowan. Tambaye su."

Pak Derus ya shafa gemu, ya juyo gare ta.

"Halijah yayar Sepiah ce. Da komai ya tafi daidai, wannan gidan nata ne. Sai ta je ta auri ɗan cikinmu, wanda kakarsu ta sama ɗaya ce. An yi mata faɗa, an yi lallashi, ta toshe kunne. Aka ce su bar ƙasar."

"Aka kore su dai," Razali ya ce. "Faɗe shi yadda yake, Pak."

"An kore su. Ina yaro a lokacin, amma ko yau ne haka za a yi."

"Da babana ya rasu ta dawo da ni." Yanzu Razali ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Ban fi tsayin tulun da ke gindin matakalar nan ba. Ta miƙa hannu za ta ɗebi ruwa ta wanke ƙafa, kaka ta leƙo ta ce kada ta taɓa tulun. Wuni muka yi a gindin rambutan, ruwan sama ya ƙare a kanmu. Ke ce kika miƙo min ɗumamen shinkafa ta tagar madafa, Mak Cu. Kika ce, ci maza Jali kada a gani."

Sepiah na kuka ba sauti.

"Kuma ke ce kika rufe ƙofar da magariba."

"Cewa aka yi in rufe."

"Na sani. Ban zo rigima ba."

"To me ka zo yi?" Pak Derus ya daka masa tsawa. "Ka zo ka sa mu rantse a kan ƙarya?"

Wani zargi ne yake taso wa Zaleha, tana ture shi yana dawowa. Ta matso gaban Razali ta durƙusa.

"Abang, kalle ni. Ni na zaɓi garin nan. Ko ba ni ba ce?"

Ya sauke idonsa ƙasa.

"Taiping na fara so. Na nuna maka gidan nan na kusa da tafki, ka ce ruwan saman garin ya yi yawa, sanyi zai shiga ƙashinka."

"Leha..."

"Kuala Kangsar fa? Har na yi magana da mai gidan, ka ce asibitin wanki ya yi nisa. Na je na duba da ƙafata, ba wani nisa, amma na ce tunda mai ciwo ya faɗa a bar shi. Muar ka ce tsada. Duk garin da na ɗauko sai ka samo masa aibu. Sai ranar da hoton gidan nan ya shigo wayata. Ka ce abokinka na tasi ne ya turo."

"Babu wani aboki," in ji shi.

"Na kawo maka ina rawar jiki, ka kalla ka taɓe baki, ka ce, Leha, duk inda kika zaɓa." Ta yi wata dariya marar daɗin ji. "Duk inda na zaɓa! Ni kuwa sakarya ina ta yi wa ƙawayena burga, na samo tsohon gari mai arha, ga shagunan da, ga kasuwa a ƙofa, ga iska. Ashe jan hannuna ake yi kamar makauniya."

"Ban cuce ki ba."

"Shekara goma sha tara ina kwana da kai, ban san sunan da uwarka ke kiranka ba. In wannan ba cuta ba ce, mece ce?"

Ya runtse ido. Wallahi ni da nake ba ku labarin nan ban san wanda zan fi tausaya wa ba a cikinsu.

Pak Derus ya yi gyaran murya.

"Zaleha, zauna ki ji, don maganar ta fi ƙarfin ɓacin ranki. An kori Halijah daga ƙasa, ba a kore ta daga jini ba. Ɗanta ɗan cikinmu ne ko ya so ko ya ƙi. Ke kuma ɗazu kika dafa Alƙur'ani kika zama 'yar cikinmu."

Ta zuba masa ido.

"Ban gane ba."

"Kin gane. Ke da mijinki yanzu ciki ɗaya kuke."

"Wane irin ciki ɗaya? Uwata 'yar Johor ce! Ban haɗa komai da shi ba sai aure!"

"Da safe haka ne."

"Pak, ka ji tsoron Allah. Wane littafi ne ya haramta min mijina? A kira liman yanzu a tambaye shi!"

"Ba sai an kira shi ba, na san abin da zai ce. Aurenku na nan daram, ba wanda ya isa ya ce zina kuke. Ni ba kan aure nake magana ba, kan ƙasa nake. Ƙasar ciki ba ta ɗaukar miji da mata 'yan ciki ɗaya. A kan haka aka fitar da uwarsa daga ɗakin nan da kike durƙushe. In na bar ku, me zan ce wa kabarinta? In ce mun yi mata don ba ta da gata ne?"

"To a warware rantsuwar."

"Ba zare ba ce."

"Ban san gaskiya ba lokacin da na yi ta!"

"Allah ya sani, mutane kuma sun ji. An yanka akuya, an ci. Har ki mutu ke tamu ce, 'yarki ma tamu ce."

Sepiah ta ja jiki ta kama ƙafar wandonsa.

"Derus, ka rufa mana asiri. Yaron nan ba shi da lafiya, kalle shi fa. Sau ɗaya na rufe musu ƙofa, kada ka sa in sake."

"Wane asiri kuma, Sepiah? Baranda cike da mutane ya kira ki. Kafin la'asar har masu shayin bakin kasuwa sun ji."

Zaleha ta miƙe. Ta share fuska da gefen mayafinta, ta gyara shi tsaf. Abin mamaki, sai ta ji zuciyarta ta yi sanyi, don in dai tsakanin gida da miji ne, ita ba ta ga abin tsayawa tunani ba.

"Shi ke nan, ku riƙe gidanku. Mak Cik, na gode da karamci, Allah ya saka. Abang, tashi mu tafi."

Bai motsa ba.

"Direba bai sauke komai ba, ko igiya bai kwance ba. Mu juya. Mu je Taiping, ruwa ya yi ta zuba, zan saya maka bargo goma. Ko ɗaki ɗaya ne a bayan shago zan zauna, in yi ta suyar ƙosan ayabata. Ƙaryar da ka yi min kuma za mu yi maganarta a hanya, kada ka ɗauka ka sha. Tashi."

Ta miƙa masa hannu. Ya kalli hannun, bai kama ba.

"Ba inda za ni, Leha."

"Ban ji ba."

"Gidan uwata ne. A ɗakin can aka haife ta. Har ta mutu a ɗakin haya, in zazzaɓi ya kama ta, rijiyar bayan gidan nan take kira. Ni namiji ne, ba zan taɓa gadonsa ba. Ba ni da 'yar'uwa. Hanya ɗaya ce ta rage, ki shiga ciki ki karɓa, ke kuma ki bar wa 'yarmu Mastura. Jinin Halijah ya koma ɗakin Halijah."

"Mastura tana can makaranta tana jiran Juma'a ta zo ta ga babanta. Uba take so, ba katako ba!"

"Uban ba zai daɗe ba."

"Kada ka fara min wannan."

"Ranar da kika tsaya karɓo magani, likita ya rufe ƙofa ya gaya min. Zuciyar ma ta gaji, wankin ba ya ɗaukarta. Ya ce in shirya. Na yi lissafin zan zauna a ƙurya in ja bakina, in mutu kafin kowa ya gane ni. Da kin binne ni a matsayin baƙo, gida ya zama naku, ba wanda ya ji ciwo. Bakina ne ya ci amanata."

Zaleha ta ji kamar an ɗauke ƙasan ɗakin. Wannan ma ya ɓoye mata. Ita da ke auna masa ruwan sha da cokali, ita da ke tashi ta saurari numfashinsa.

"To ai shi ne dalilin da za ka tashi mu tafi," ta ce. "In saura wata ɗaya ne, a hannuna za ka yi shi. Wa zai kai ka wanki? Wa zai hana ka gishiri? Wa zai juya ka in bayanka ya ƙage?"

"In na mutu a ɗakin haya ku kuma ina za ku? Ki ci gaba da yawo da yarinya mace daga bene zuwa bene, kamar yadda uwata ta yi da ni?"

"Allah na nan."

"Yana nan lokacin ma."

"Abang, yi istigfari!"

Ya yi, a hankali. Sannan ya juya ga Pak Derus.

"Pak, ina da tambaya."

"Ina jin ka."

"In babu auren fa?"

Zaleha ta juyo da sauri har mayafinta ya zame.

Pak Derus ma fuskarsa ta sauya, ya kawar da kai wajen taga.

"In babu aure, babu laifi a ƙasa. Gida na Zaleha ne, bayanta na 'yarta."

"Ni kuma?"

"Kai ɗan ciki ne da ba shi da mata. Akwai ɗaki a jikin masallaci. Za a riƙa aiko maka da abinci daga gidan nan, kamar kowane ɗan'uwa."

"Derus!" Sepiah ta yi ƙara. "Ka yi shiru mana! Ba ka ga abin da yake shirin yi ba?"

"Tambayata ya yi, Sepiah. Ƙarya kike so in yi masa?"

Zaleha ta faɗa kan mijinta ta toshe masa baki da tafin hannunta biyu.

"Kada ka kuskura. Ka ji ni? Wallahi in ka furta, ashana zan ƙyasta wa gidan nan, kowa ya rasa. Ban yafe ba, Abang. Ban yafe ba duniya da lahira. Na bar gidan, na ce na bar shi! Me kake so in yi, in kwanta a ƙasa?"

Hawayensa na gangarowa ta tsakanin yatsunta. Ya kama wuyan hannayenta. Ba ta san yana da sauran ƙarfi haka ba. A hankali ya sauke su daga bakinsa, ya riƙe su a cinyarsa gam.

"Pak Derus, ka shaida. Mak Cu, ki shaida."

"Ba na shaida!" in ji tsohuwar, ta toshe kunnuwanta.

"Zaleha binti Mokhtar."

Tun ranar ɗaurin aure bai sake kiran cikakken sunanta ba.

"Abang, don girman Allah. Don Mastura."

"Don ita ne." Ya ja numfashi. "Na sake ki, saki ɗaya."

Ya saki hannayenta, suka faɗi.

A waje wata mata ta yi salati da ƙarfi, ashe duk suna jikin bango suna ji. Razali ya dafa ginshiƙi yana ƙoƙarin miƙewa. Jikin Zaleha bai san an yi saki ba, kafaɗarta ta riga ta kai ƙarƙashin hammatarsa kamar kullum.

Pak Derus ya sa hannu ya tare tsakaninsu, ya buɗe ƙofar.

"Bar shi, ni zan riƙe shi," ya ce, bai iya kallon idonta ba. "Matsa, Zaleha. Ba yayanki hanya."